Shan man motocin alfarma masu gudu: abin da takarda ta ce da abin da titin Abuja ke karɓa

Tankin Mercedes C300, samfurin da aka ƙera tsakanin 2008 da 2014 wanda ya cika titunan Abuja, lita 66 yake ci. Kafin ranar 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya tsaya a dandalin Eagle ya ce tallafin mai ya ƙare, litar fetur a farashin hukuma ba ta kai Naira 200 ba. Da dubu 13 mutum zai cika tankin nan ya kama gabansa. Cikin 'yan kwanaki lita ta koma Naira 537 a gidajen man NNPC na Abuja, a watan Yuli ta zama 617, zuwa Oktoban 2024 ta kai 1,030. A wannan farashi, cika tanki sau ɗaya ya doshi Naira dubu 68, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 dubu 70 ne. Daga baya farashin ya yi ta hawa da sauka, musamman da matatar Dangote ta fara fitar da fetur, amma bai ko kusanci inda ya baro ba.

Shi ya sa tambayar da ake yi a kan irin waɗannan motoci ta canza. Ina nufin motocin alfarma masu ƙofa huɗu da aka gina don gudu da kwanciya a titi: C300 da C350 na Mercedes, IS 250 da IS 350 na Lexus, 328i da 335i na BMW, G37 na Infiniti da danginsu. A da, mai saye lafiyar giya yake tambaya, da kujerun fata, da ko an taɓa yi mata fenti. Yanzu tun kafin ya buɗe ƙofa zai ce, "Ya shan manta?" Amsoshin da yake samu kuma ƙara ruɗa shi suke yi. Wani zai rantse masa cewa tasa ba ta fi Camry shan mai ba, wani ya ce shan mai ne ya sa ya rabu da ita a kan faɗuwa. Sau da yawa dukkansu gaskiya suke faɗa. Irin wannan mota ba ta da adadin shan mai guda ɗaya da za a rataya mata. Tazarar da ke tsakanin mafi ƙarancin abin da za ta sha da mafi yawansa ta fi ta motar yau da kullum faɗi nesa ba kusa ba, kuma a Abuja abin da ke yanke inda mutum zai faɗa cikin wannan tazara shi ne unguwar da yake kwana, da lokacin da yake fita, da hannun bakaniken da ya taɓa motar.

Tushen maganar yana cikin inji. Injin C300 na farkon wancan samfuri silinda 6 ne, girmansa lita 3, mai ƙarfin doki 228. Na IS 350 ya haura 300, na G37 ya doshi 330. Amma don mota mai nauyin kilo 1,600 ta riƙe gudun kilomita 100 a awa a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta, abin da take buƙata bai wuce ƙarfin doki 20 zuwa 30 ba, a cikin gari kuwa bai ma kai haka ba. Ke nan mafi yawan lokaci injin yana aiki ne da wajen kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa, kuma a nan injin fetur ya fi yin ɓarna. Muddin ƙafa ba ta danne totur ba, ƙofar iska a kusan rufe take, fistin yana ta kokawar zuƙo iska ta ƙuntatacciyar kafa, kokawar nan kuma da mai ake biyan ta. Ga gogayyar fistin 6 da bawul 24, ga famfon baƙin mai da na ruwa da ke juyawa ko motar na tafiya ko tana tsaye. Ingarma ko a turke yake, cinsa ba ɗaya ba ne da na jaki. Ko a mota mai cikakkiyar lafiya, abin da ke isa taya daga ƙarfin da ke cikin litar fetur bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Sauran zafi ne da ke ficewa ta lagireto da salansa.

A babbar hanya sai lissafin ya gyaru. Giyarsu 6 ce ko 7 ko 8, idan ta hau ta ƙarshe injin yana kwantawa a wajen juyi 2,000 a minti, jikin motar kuma a ƙasa yake, an tsara shi ya keta iska. Nan ne tazarar da ke tsakaninta da Corolla ke raguwa, har mai ita ya dawo daga Kaduna yana yabon ta. Da ya shiga cunkoso kuma tazarar ta buɗe.

To ina adadin da kamfani ya rubuta? Mafi yawan waɗannan motoci tokumbo ne daga Amurka da Kanada, don haka adadin da ake cin karo da shi a intanet na hukumar kare muhalli ta Amurka ne, EPA. Ta ba C300 na 2008 mai ja da tayoyin baya mil 18 a galan a cikin gari, mil 25 a babbar hanya. Galan na Amurka lita 3.8 ne, mil kuma kilomita 1.6, don haka da ma'auninmu kilomita 7.7 ke nan a lita a gari, 10.6 a hanya. IS 250 ta samu mil 21 a gari, kusan kilomita 9 a lita. A kula da wani tarko a nan: galan na Ingila lita 4.5 ne, ya fi na Amurka da kashi 20 cikin ɗari, saboda haka wanda ya karanta sharhin mota daga Ingila zai ga adadi mai daɗin gani wanda ba zai taɓa bayyana a allon motarsa 'yar Amurka ba.

Duk waɗannan adadi a ɗakin gwaji ake samo su. Ana ɗora motar a kan ganguna masu juyawa, direba yana bin wani zanen gudu da aka tsara, ana auna hayaƙin da ke fita. Tsohon gwajin Turai, NEDC, kilomita 11 ne cikin minti 20, da tashi a hankali, AC a kashe. Kamfanoni suka ƙware wajen gina motar da za ta ci jarrabawar, har cibiyar bincike ta ICCT ta nuna cewa bambancin takarda da titi ya tashi daga wajen kashi 9 cikin ɗari a 2001 zuwa sama da kashi 40 a 2016. A 2017 Turai ta kawo sabon gwaji, WLTP, mai kilomita 23 cikin minti 30, gudu har 131, amma har yanzu a zafin digiri 23 kuma AC a kashe. Da Hukumar Tarayyar Turai ta tattara bayanai daga na'urorin awo da ke cikin motocin mutane, rahotonta na 2024 ya nuna suna shan wajen kashi 20 cikin ɗari fiye da abin da sabon gwajin ya ce. Na Amurka ya fi kusa da gaskiya, domin tun 2008 EPA ta shigar da gwajin gudu mai tsanani da gwajin AC a zafin digiri 35 cikin lissafinta. Duk da haka, abin da take kira tuƙin cikin gari matsakaicin gudunsa kilomita 34 ne a awa. Duk wanda ya san hanyar Nyanya da ƙarfe bakwai na safe ya san ba wannan garin ake nufi ba.

Abuja gari biyu ce a wajen mota. Akwai Abujar manyan tituna, titin Kubwa da titin filin jirgi masu layi goma-goma, inda mota za ta yi minti ashirin ba a taɓa birki ba. Akwai kuma Abujar mashigai, inda dubban mutanen da hayar cikin gari ta kora waje ke matsuwa ta ƙofa ɗaya safe da yamma. A ɗauki ma'aikata biyu, mota iri ɗaya, ofis ɗaya a Sakatariyar Tarayya. Na farko a Kubwa yake, yana fita bayan asuba kafin hanya ta cika. Tafiyarsa wajen kilomita 25 ce, kusan duka a babban titi. In ya riƙe 90 zuwa 100, motar za ta ba shi kilomita 10 ko fiye a lita, wato lita biyu da rabi sun kai shi ofis. Na biyu a Mararraba yake. Tafiyarsa ba ta kai kilomita 20 ba, amma daga Mararraba zuwa Nyanya, zuwa gadar Karu, a hau Kugbo a sauka AYA, ranar da hanya ta cushe awa ɗaya da rabi ba abin mamaki ba ne. Injin lita 3 da ke silo, wato yana aiki mota na tsaye, da AC a kunne yana ƙona lita ɗaya da rabi zuwa biyu a awa ba tare da taya ta juya ba. A ƙara da man da ake ƙonawa a giya ta ɗaya da ta biyu, a tashi a tsaya, a tashi a tsaya, ba wuya a kai lita huɗu. Ke nan bai samu ko kilomita 5 a lita ba. A kwanakin aiki 22, zuwa da dawowa, na Kubwa ya ƙona lita 110, na Mararraba 176. Wanda ya fi kusa da ofis shi ya fi biya, da cikakken tanki ɗaya kowane wata.

Wannan lissafi misali ne, kowa zai iya sa nasa adadin, amma abin da yake nunawa ba ya canzawa: a cunkoso ba kilomita ake biya ba, awa ake biya. Kuma girman inji da nauyin mota a nan suke cizo. Duk lokacin da aka tayar da kilo 1,600 daga tsaye, mai ne aka mayar motsi. Da an taka birki, motsin ya koma zafi a faifan birki, ya bi iska. Corolla mai wajen kilo 1,250 da injin lita 1.8 ita ma tana yin wannan asara, sai dai kowane tashi da kowane minti na tsayuwa sun fi mata arha.

Mazauna Maitama da Asokoro su ma ba su tsira ba, tasu matsalar daban ce. Daga gida zuwa ofis a Wuse 2 'yan kilomita ne kawai, injin da ke ɗauke da baƙin mai kusan lita 8 bai gama ɗumama ba an kashe shi, kuma inji mai sanyi mai ake tura masa da yawa. Sannan ga man da ba ya shiga lissafin kowa: direba yana jiran maigida a ƙofar taro, ko uwargida a kasuwar Wuse, mota a kunne, AC na aiki, awa biyu. Ba na ganin laifin direban da ke gudun ranar watan Maris, mutum ne kamar kowa. Amma maigidan da ya ce motarsa ta fara shan mai ya kamata ya san awa nawa take yi a kunne ba ta tafiya, ya kuma samar wa direbansa inuwar da zai zauna. Haka nan al'adar kunna mota da safe a bar ta minti goma sha biyar tana ɗumi, gadon zamanin kafireto ce. Injin zamani rabin minti ya ishe shi, sai a ja a hankali, a tafe yake saurin ɗumama.

AC kuwa ba abin da za a ce wa mutum ya kashe ba ne a garin da zafi ke dosar digiri 40 a Maris da Afrilu. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ce a tsananin zafi AC na iya rage nisan da lita ke kaiwa da sama da kashi 25 cikin ɗari, musamman a gajeriyar tafiya. Dalili shi ne kwamfuresa tana karɓar rabonta daga inji ko ana gudu ko ana tsaye. A babbar hanya rabon nan ƙarami ne idan an gwada da abin da ake ƙonawa. A gosulo kuwa babban kaso ne. Baƙar mota mai baƙar kujerar fata da ta wuni a rana, minti goman farko AC da dukkan ƙarfinsa yake aiki. Ajiye mota a inuwa da sauke gilashi na minti ɗaya kafin a kunna AC suna rage wannan nauyi.

Sai ƙafa. Waɗannan motoci suna ɓoye gudu. A 140 ba ƙara, ba jijjiga, mutum sai ya ji kamar 90 yake. Amma turjiyar iska ba ta tafiya daidai da gudu, ninkawa take yi: daga 100 zuwa 140 ta kusa ninka biyu. Ƙa'idar hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ga ƙananan motoci a babban titi kilomita 100 ce, kuma daga 80 zuwa 100 ɗin nan ne motar ta fi alheri. Ma'aikatar makamashin Amurka ta ƙiyasta cewa tuƙin fizga da taka birki na cin kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari a babbar hanya, kashi 10 zuwa 40 a tuƙin tsaya-tafi. A ƙaramin inji ko an danne totur akwai iyakar man da zai iya haɗiya. A inji mai doki 300 iyakar tana can sama. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa tazarar shan man waɗannan motoci ke da faɗi: suna iya yin tattali, suna kuma iya zubar da mai, zaɓin yana ƙarƙashin ƙafar dama.

Sababbin samfura sun ƙara wa wannan magana ƙarfi. BMW 328i daga 2012, da C300 daga 2015, sun bar silinda 6 sun koma silinda 4, lita 2, da tobo, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska. A takarda sun yi kyau. C300 ɗin ta samu wajen mil 24 a galan a gari, kilomita 10 ke nan a lita. Kuma gaskiya ne, a silo da tafiyar hankali ƙaramin inji ne, ƙaramin ci. Amma da zarar tobo ta fara cusa iska, dole a cusa man da ya yi daidai da ita, har a kan ƙara don a sanyaya cikin silinda. Mai tobo da ƙafa mai nauyi zai iya ƙona abin da mai V6, wato inji mai silinda 6, ke ƙonawa. Game da 4Matic da xDrive da sauran masu jan ƙafa huɗu, don dusar ƙanƙarar Kanada da arewacin Amurka aka fi sayen su. A kwaltar Abuja ƙarin nauyi ne da ƙarin gogayya. Haka manyan rim masu inci 19 da 20 da ake sakawa don ado, da faffaɗar tayar da iskarta ta ragu ba a lura ba.

Akwai kuma batun man kansa. A murfin tankin yawancin waɗannan motoci an rubuta cewa fetur mai oktan 91 suke so, a ma'aunin Amurka, wanda ya yi daidai da wajen 95 a ma'aunin da Turai da mu ke amfani da shi. Fetur ɗin da ake sayarwa a Najeriya a wajen 90 zuwa 91 yake a wannan ma'auni, kuma a yawancin gidajen mai iri ɗaya ne, ba zaɓi. Oktan ba ƙarfin mai ba ne, juriyarsa ce ga kamawa da wuta kafin lokaci idan an matse shi. Injin zamani yana da sensar da ke sauraron wannan ƙwanƙwasa. Da ta ji, kwamfutar motar sai ta jinkirta tartsatsin fulogi don ta ceci fistin. Inji ya tsira, amma ƙarfi ya ragu, ƙafa ta ƙara nutsewa, mai ya ƙara tafiya. Abin ya fi tsanani a zafi da kuma a inji mai tobo. Asarar ba ta kai ta gosulo ba, amma tana nan a kowace lita. Gurɓataccen mai kuwa wata magana ce. A Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai yawan metanol daga Antwerp ta Beljiyam, ya lalata motoci, janye shi daga kasuwa ya jawo dogayen layuka a Abuja da Legas. Metanol wajen rabin ƙarfin fetur gare shi. Wanda ya zuba man jarka daga 'yan bumburutu a injin da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda, kamar na IS 250, ya sani cewa nozul da famfon irin wannan inji ba su da haƙuri da datti.

Abin da ya fi damuna a duk wannan lamari shi ne abin da ake yi wa motocin bayan sun sauka. Da yawa daga cikin waɗanda ake zargi da shan mai ba haka suka baro kamfani ba, a gareji aka mayar da su haka. Akwai ƙwararrun makanikai a Apo da sauran wurare masu aiki da kwamfuta da littafin kamfani, amma akwai kuma tsohuwar fahimta da ta ƙi mutuwa, cewa tamostat, bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan inji, na ƙasar sanyi ne. "Yallaɓai, wannan na Turai ne, nan zafi gare mu, gara a cire a haɗa fanka dairek." Mai mota ya ga allurar zafi ta sauka, hankalinsa ya kwanta. Abin da ba a gaya masa ba shi ne an gina injin ya yi aiki a wajen digiri 90, na Mercedes da BMW ma da gangan ake barin su su kai 100. Idan ruwa bai kai wannan zafi ba, kwamfutar motar tana ɗauka inji bai gama tashi ba, sai ta ci gaba da tura mai fiye da kima. Man da ya yi yawa yana wanke baƙin mai daga bangon silinda, yana baƙanta fulogi, yana toshe katalis, matatar hayaƙin da ke jikin salansa. Fankar da ke juyawa ba hutu kuma wuta take ja, wutar daga inji take fitowa. Motar da ke zafi tana da dalili, ko lagireto ya toshe, ko famfon ruwa ya gaji, ko tamostat ɗin ya maƙale yana son sabo. Cire shi rufe ciwo ne, kuma mai motar zai ci gaba da biyan kuɗin rufewar a gidan mai har ranar da ya sayar.

Daga nan sai katalis, wanda makanikai ke kira indomi. Yana ɗauke da ƙarafa masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam, shi ya sa yake da kasuwa, shi ya sa wasu motocin tun kafin su iso hannun mai saye an kwashe shi. Cire lafiyayyen katalis ba ya rage shan mai. Abin da yake yi shi ne ya bar wutar cek-injin, mai gargaɗin matsala a inji, a kunne dindindin, mai mota ya saba da ita, ranar da sensar oksijin ta mutu ba abin da zai sanar da shi. Wannan sensa ita ce ke gaya wa kwamfuta ko haɗin iska da mai ya yi daidai, kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na mai. In ta mutu, kwamfuta lalube take yi, kuma ta ɓangaren yawan mai take kuskure don kada inji ya ƙone. A ƙara da sensar awon iska da ƙurar hunturu ta lulluɓe, da jabun fulogi, da baƙin mai mai kauri 20W-50 a injin da kamfani ya ce a zuba masa 5W-30 ko 5W-40. Kowanne shi kaɗai ɗan abu ne. In suka taru a mota ɗaya, su ne ke mayar da kilomita 8 a lita zuwa 5, sai a ɗora wa V6 laifi, matashin da ya tara kuɗin shekaru ya saya ya koma zuba man dubu biyar-biyar yana tafiya da gilashi a sauke.

Tafiyar Jos tana koyar da wani abu. Jos tana wajen mita 1,200 sama da teku, ta fi Abuja tudu da mita ɗari bakwai da wani abu. Ɗaga mota da mutanen cikinta zuwa wannan tsayi, ta Keffi da Akwanga da Hawan Kibo, yana cin ƙarin lita ɗaya da rabi zuwa biyu a kan abin da shimfiɗaɗɗiyar hanya za ta ci, don haka man zuwa da na dawowa ba za su zo ɗaya ba, kuma ba lalura ba ce. A can sama iska ta fi sirantaka. Inji marar tobo yana rasa wajen kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 100, amma matsalar oktan tana sauƙi, AC ma yana samun hutu. Motar da aka cire wa tamostat kuwa, a sanyin Jos na Disamba ba za ta taɓa ɗumama ba. A dawowa, wasu direbobi kan sa mota a firi a gangara don tattalin mai. A motar zamani akasin haka ke faruwa: idan tana cikin giya aka ɗaga ƙafa, kwamfuta yanke man take yi gaba ɗaya, taya ce ke juya inji, a firi kuwa dole a ba shi man silo. Ga shi an ɗora dukkan nauyin motar a kan birki a gangaren da ya ci rayuka da yawa.

Ga wanda rayuwarsa ta gosulo ce, maganin da ya dace da ciwon shi ne mota mai haɗin inji da batir, irin ta Toyota da Lexus, domin tana kashe inji a tsaye, AC ɗinta da lantarki yake aiki, birkinta kuma yana mayar da motsi caji. Juyawa zuwa gas na CNG da gwamnati ke ƙarfafawa tun 2023 yana sauƙaƙa kuɗi, amma injin da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda ba ya karɓar juyin cikin sauƙi, tukunyar kuma za ta cinye but ɗin da dama ba shi da girma.

Kafin a yanke wa kowace mota hukunci, a auna ta. Mu a nan da Naira muke awo, "na zuba na dubu ashirin, kwana uku ya ƙare," alhali litar da dubu ashirin ke saya tana canzawa daga wata zuwa wata. Allurar tanki ma ba abin dogaro ba ce; tankin mota mai jan baya gida biyu ne, yana zaune a kan sandar da ke kai ƙarfi tayoyin baya, don haka rabin sama da rabin ƙasa ba sa sauka da sauri ɗaya. Adadin da allon mota ke nunawa kuma ƙiyasin kwamfuta ne, yakan ɗan yi wa motar kara. Awon gaskiya shi ne a cika tanki har famfo ya katse da kansa, a mayar da ma'aunin tafiya sifili, a yi harkokin da aka saba, a koma gidan man nan da famfon nan a sake cikawa, a raba kilomita da lita. Komawa famfo ɗaya yana da muhimmanci, domin ba kowace lita ce cikakkiya ba. In motar 'yar Amurka ce, mil take ƙirgawa, sai a ninka da 1.6. A maimaita a tanki uku ko huɗu, a rubuta.

Ga V6 mai lafiya, a ganina kilomita 7 zuwa 8 a lita a zirga-zirgar Abuja mai gauraye daidai ne, 10 zuwa 12 a doguwar hanya in an riƙe ƙafa, 5 zuwa 6 ga mai fama da Nyanya kullum. Wanda ba ya shiga gosulo amma ya ga ƙasa da 6, ko ya kasa kai 9 a hanyar Kaduna, motarsa tana da lalura. Ya nemi bakaniken da zai jona mata kwamfuta, ya tsaya a kansa ya ga zafin ruwa da idonsa bayan tafiyar minti ashirin, ya ga ko sensar oksijin tana motsi, ya ga nawa kwamfutar ke ƙara ko rage mai a kan ƙa'ida, sannan a buɗe a tabbatar tamostat yana wurinsa kafin a sayi ko fulogi ɗaya.